Turaren Rakiya

"Ka ajiye wuƙar nan ka dube ni, Fadilu!"

Bai ajiye ba. Kakin zuma ba ya jiran kowa, ko da budurwa ce, da ya huce a bakin wuƙa sai an sake mai da shi wuta. Sai da ya shafa shuɗin a kan allon katakon, ya ja shi ya zama sararin sama, sannan ya ɗago.

Rahinatu na tsaye a bakin rumfar, idonta ya yi ja.

"Me ya faru, rabin raina?"

"Baba ya fara ɗaure kaya... Da an yi bakans an rufe makaranta za mu koma Diffa."

Mahaifinta, Mushe Aisami kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, ya gama aikin koyarwa a lakwal, wato makarantar Gure, kuma tuni ya yanke maganarsa, ba mutum ba ne mai magana biyu. Ya ce bai ƙi Fadilu ba, amma Rahinatu marainiyar Allah ce, uwarta ta bar masa ita amana, ba zai bar ta a gidan da ake dafa kaki maimakon tuwo ba. In zanen nan sana'a ce, a nuna masa kafin ya tashi, a ɗaura aure. In ba haka ba, ƙafarsa ƙafarta.

"Jibi zan tafi Damagaram," in ji Fadilu. "Hajiya Bintu ta iso daga Yamai. Kin san ta sayi hotunana biyu bara, ta ce in na kawo mata aikin shekara ta gani, duk abin da na yi nan gaba ita za ta riƙa ɗauka zuwa shagonta."

"In ba ta so ba fa?"

"Za ta so."

"In ba ta so ba, na ce!"

Ta goge ido da bakin mayafi.

"Ba zan iya saɓa wa Baba ba, ka sani. Kuma ba zan iya..."

"Bar kuka, masoyiyata. Dubi nan."

Ya jawo babban allon da ya fi ji da shi. Lambun marigayi babansa ne a cikin kwari, kafin rairayi ya binne shi: dabinai a jere, rijiya, jan tudu na leƙowa ta baya. Jar ƙasa ya kwaɓa da kaki ya yi tudun, shuni ya yi sama, gawayi ya yi kututtura. Ya tara kakin ya yi kauri har kowane reshe ya taso, ana jin sa da yatsa.

Mutanen gari dai sun daɗe da yanke masa hukunci. Cewa suke ɗan Maiturare ya je karatu ya dawo yana wasa da abin da masu zuma ke yarwa. Mutum ɗaya ce a Gure ba ta taɓa yi masa dariya ba, ita kuwa ba ta gani.

Inna Maiturare, mahaifiyarsa, ta yi suna da haɗa turaren wuta tun idonta na da lafiya. Babu amaryar da aka kai a unguwar ba ta turara mata kaya ba. Da yanar ido ta rufe ta, sai hotunan ɗanta suka zama abin da kaɗai take iya kallo, da hannu. Kullum da hantsi sai ta lalubo allon lambun ta bi shi da yatsu.

"Ga dabinon da babanka ya faɗo daga kai," ta kan ce tana dariya. "Auta, ka ma sa masa karkacewarsa!"

Ya sha gaya mata, "Inna, kada a bar su a rana, narkewa suke." Ta riƙe wannan kamar karatu. Ko kaza ta kusanci rumfar sai ta ji.

Ana gobe tafiya, bayan la'asar, ya jera allunan a ɗaki ya nufi tasha. So yake ya roƙi direban kar, wato motar fasinja, ya bar shi ya shiga da su ciki, don in aka ɗaure su a sama, kafin Gidigir sun zama miya. Direban ya ja masa rai, ya ja, da ƙyar ya yarda. Fadilu ya biyo ta gidan su Rahinatu ya ce ta zo ta yi wa hotunan kallon sallama. Suka taho yana ta zuba, har ta soma murmushi.

Tun daga bakin zaure ƙanshi ya tare su. Irin mai tsadar nan ne, na hawi da sandal, wanda Inna ta ɓoye a ƙasan akwati ta ce sai ranar aurensa.

Fadilu ya tsaya cak.

Inna na zaune a ƙofar ɗaki tana fifita, fuskarta fal fara'a.

"Kun dawo? Auta, na ji takun 'yata tare da kai. Zo, Rahinatu, zauna nan. Kayan arziki ba sa fita gidan nan haka gayansu kamar na marasa gata. Na yi musu rakiya. Hajiyar nan tana buɗewa za ta san daga gidan mutunci suka fito."

Ya faɗa ɗakin. Ashe Inna ta kife babban kwandon da take turara kayan amare, ta jera allunan a kai, fuska da fuska, ta lulluɓe da barguna, ta ja ƙyaure don kada hayaƙi ya tsere. A ƙarƙashi kasko ne har uku, garwashi ja wur, ga zafin bazara. Bai ji ƙunar hannunsa ba lokacin da ya fizge bargon.

Kaki na ɗiga ta ramukan kwandon, ɗis... ɗis... Ya ɗaga allo ɗaya, na ƙasansa ya biyo shi, suka rabu da wani dogon zare mai launin laka. Kasuwar raƙuma, matan rijiya, fuskar Rahinatu da ya ɓoye don ya ba ta mamaki, duk sun gauraye. Aikin shekara guda! Ga shi lokacin zuma ya wuce, ko da kuɗinka ba ka samun kaki sai baɗi.

Rahinatu ta toshe bakinta da hannu biyu.

"Yaya, ya kama su?" Inna ta tambaya daga waje. "Ban sa su a rana ba, ka gani, a ɗaki na yi."

Wa zai yi wa faɗa? Zuciyarsa kamar ta tsage, amma wadda ta yi masa ɓarnar ita ce ta fi kowa son sa a duniya.

"Ya kama su, Inna," ya ce. "Allah ya saka."

"Miƙo mini na lambun in yi masa sallama."

"Na... na riga na ɗaure shi."

"Ɗaure me, yanzu ka shiga? Miƙo."

Ya dubi Rahinatu, ta girgiza kai tana hawaye. Amma Inna ta riga ta miƙo hannu biyu, kuma bai taɓa barin hannun nan a buɗe ba. Ya ɗora mata.

Yatsunta suka tafi kai tsaye inda suka saba. Suka tsaya. Suka koma gefe, suka dawo, suka bi allon tun daga sama har ƙasa. Sumul, da ɗumi. Ta murza yatsun, ta ji suna manne wa juna.

"Auta... ina dabinon babanka?"

Ta ɗago fuskarta wajen da yake tsaye.

"Ni ce?"

"Inna, ba kome, wallahi zan sake wani..."

"Ni ce! Wayyo Allah, ni ce! Na ƙone wa ɗana aure da hannuna!"

Rahinatu ta zube ta rungume ta. "Ki daina, Inna, don Allah ki daina! Ƙaddara ce!" Su biyun suka yi ta kuka, shi kuwa yana tsaye, kaki na sanƙarewa a tafin hannunsa.

Ya je Damagaram ɗin hannu wofi. Hajiya Bintu ta jajanta masa ƙwarai, ta ce ba ta da abin nuna wa masu saye, ya neme ta baɗi. Inna ta sa aka ja mata sanda har gaban Mushe Aisami, ta durƙusa da girmanta ta ce laifinta ne. Mutumin ya sunkuyar da kai.

"Na yarda, Inna, ki tashi. Amma sana'ar da kasko ke cinyewa a yini guda, ta yaya zan jingina mata marainiya?"

Ranar tafiyarsu Fadilu ya je tasha. Rahinatu ta leƙo ta tagar kar, fuskarta ta kumbura.

"Ka kawo?"

Ya miƙa mata allon lambun a naɗe da zanen Inna, kamar yadda ta roƙa.

"Babu abin gani a jikinsa, Rahinatu."

"Na sani, masoyina." Ta kai shi hancinta, ta rufe ido. "Ƙanshin gidanku ne... gidan da na so in shiga."

Motar ta tashi. Ya tsaya har ta ɓace a bayan tudu.

Da ya koma gida ya tarar da wata maƙwabciya a tsakar gida da kayan 'yarta amarya, tana roƙon a turara mata. Inna na zaune, kaskonta a kife a gefe.

"Ki kai wa wata," ta ce. "Na daina."