Ɗakin da Aka Gina a Filin Malama

An ɗaura auren mai gyaran firji da malamar lissafi ranar Asabar da hantsi, wata goma sha huɗu bayan ta tarar da shi yana yi wa ɗaki filasta a cikin filinta. Mutum ashirin da 'yan kai suka halarta. Ango ba shi da kowa a garin, maigidan da ya koya masa sana'a ne ya tsaya masa.

Filin yana bayan gari, inda layin wuta ya ƙare. Shekara huɗu mai gyaran firji yana kwana a shagonsa tsakanin matattun firji don kada ya biya haya, har ya sayi rabin fuloti. Dabararsa gajeriya ce: ya gina ɗaki ɗaya ya sa ɗan haya, hayar ta gina na biyu. Dillali ya ce masa filinsa ne na uku daga turken wuta na ƙarshe. Bai kira mai awo ba, don kuɗin awon zai sayi bulo ɗari biyu. Ya ƙirga da kansa. Bai san an ƙara turke ɗaya bayan ya saya ba.

Ita ma Malama rabin fuloti gare ta. Duk ƙarshen wata takan zo ita kaɗai, ta kalli ciyawa, ta koma. Jinyar mahaifinta ta tsare ta wata biyar. Da ta dawo, ta tarar da ɗaki har da kwano.

"Sannu da aiki. Wa ya sa ka?"

"Ni na sa kaina, Hajiya."

"Ban je Makka ba tukuna. To, Allah ya saka da alheri, ka gina min ɗaki."

Ya sauko daga kan duro, ya goge hannunsa a wando, ya karanta takardar filinta sau biyu. Washegari mai awo ya tabbatar: filinsa na gefe ne, babu ko tsinke a ciki.

Ba ta ce ya rushe ba. Ta ba shi wata uku ya nemo mafita. Babu maƙwabci a wajen, babu mai wucewa sai masu ɗibar yashi. Ranar Lahadi ta fara zuwa da littattafan ɗalibanta, tana dubawa a inuwar ɗakin. Shi kuma yana zaune kan bulo yana sake lissafinsa a bayan kwali, tana gyara masa.

"Ka manta da watannin da ɗaki zai zauna babu kowa."

"Ni na fi kowa sanin zama babu kowa, Malama."

Makon da ya biyo baya ta zo da kofi biyu.

Wata uku suka wuce, babu wanda ya tayar da maganar. Saƙonninsu na lokacin suna nan a wayarta.

"Mai Fili, yau na gyara firji uku, ban yi magana da kowa ba sai injinansu. Lahadi ta yi nisa."

"Ɗan Hayana, ka ci abinci dai? Ni ma daga allo sai Baba sai rediyo. Saura kwana biyu, yi haƙuri."

Da ta kai maganar aurensu gida, mahaifinta ya rage sautin rediyo. Su biyu suka rage a gidan tun rasuwar mahaifiyarta.

"Uwata, ba ke yake bi ba, bulonsa yake bi. Mutum ya ga gininsa zai tafi, ai dole ya yi murmushi."

Dillalin da ya sayar musu da filayen ya daɗe yana aiko wa Malama gaisuwa. Shi ya zo ya shaida wa tsohon cewa saurayin yana faɗa a shago wai ya samu hanyar riƙe ɗakinsa ba tare da ya je kotu ba. Mai gyaran firji ya musa. Ba shi da shaida, dillalin ma ba shi da ita. Malama ta daina amsa waya.

Kwana goma sha tara. Lahadi biyu mai gyaran firji ya je ya zauna a inuwar ɗakin har la'asar. A na ashirin ya aika saƙo ɗaya.

"Mai Fili, gobe zan fara sauke ɗakin. In na gama zan zo gaishe da Baba hannu rabbana. In aka kore ni, a san ni aka kora, ba bulo ba."

Ta ɗauka magana ce. A rana ta uku ta ɗauko mahaifinta a tasi suka je. Kwano yana jingine a filin gefe, ƙofa da taga a kansa. Bango biyu sun faɗi. Cikin bulon da ya cire, wanda ya fita lafiya bai kai ɗaya cikin biyar ba.

Tsohon ya dogara sandarsa, ya daɗe yana kallon ɓaraguzan.

"Kai yaro, shekara nawa ka yi kana tara wannan?"

"Huɗu, Baba."

"Wauta biyu ke nan. Ka gina ba ka auna ba, ka rushe ba ka tambaya ba. Ajiye gudumar nan." Ya juya ga 'yarsa. "Ke kuma wannan kike so?"

"Shi ne, Baba. Lissafinsa ne kawai ba kyau."

"Turo manyanka."

"Ba ni da su a nan."

"Turo wanda kake da shi."

Bayan ɗaurin auren tsohon ya riƙe hannayensu, ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zuri'a da maƙwabta na gari. Suna zaune yanzu a ɗakin baya na gidansa, don Malama ta ce ba za ta bar shi da rediyo ba.

Bango biyu suna nan tsaye a filin Malama, kwano yana filin mijinta. Sun nemi ofishin filaye ya haɗa musu rabi da rabi ya zama fuloti guda. An ce su fara rubuta sunan da za a sa a takardar. Fom ɗin yana kan firjinsu mako na shida, gurbin sunan babu komai.