Albarkar Doña Chela

Ranar da Anyelo ya sa hannu a kwantiragin ƙwallon besbol, talauci ya bar gidan mahaifiyarsa Doña Chela har abada. Ya fita ta ƙofar gaba ana kiɗa ana gasa akuya, ya zagaya ta bayan gida, kafin yamma yana zaune a kicin inda ya saba.

Laifin na shekaru ne. A garinsu Consuelo, yaron da kulob ɗin Amurka ya ɗauka yana ɗan sha shida shi ke gina wa uwarsa bene. Anyelo kuwa bai yi tsawo da wuri ba. Sai da ya kai sha tara hannunsa ya fara jifan da ke sa masu neman 'yan wasa su cire tabarau, kuma a wannan kasuwa ɗan sha tara dattijo ne. Abin da suka ba shi, bayan mai horar da shi ya cire kasonsa, ya isa sauya kwanon rufi da sayen firiji. Daga nan suka tura shi ƙaramar gasa a wani ƙauyen Amurka, inda ake biyan ɗan abin da ake biya a watannin wasa kawai. Kwantiragin ya ɗaure shi shekaru: ba shi da bakin cewa a ƙara, ba shi da ƙafar komawa wani kulob.

Duk wannan budurwarsa Miosotis ta sani, don ita yake kira idan ya gaji da yin ƙarya. Mahaifiyarsa kuwa hoto ya tura mata, yana jingine da wata baƙar mota mai sheƙi ta abokin wasansa. Doña Chela ta nuna hoton a coci, ta nuna a kantin unguwa, ta nuna wa ɗan babur ɗin da ke kai ta awon hawan jini. Da watanni suka shuɗe ba abin kirki da ya iso gida, sai ta haɗa abin da kowa zai haɗa: yaro na da mota, uwa ba ta ga komai ba, akwai budurwa.

Miosotis tana da ɗan shagon gyaran gashi a bayan kasuwa, kujera biyu da draya ɗaya. Tun suna makaranta take tare da Anyelo. Ya ce zai aure ta, amma ba zai tsaya da ita a coci ba sai Mami, wato mahaifiyarsa, ta sa albarka. Ya kuma sa ta rantse ba za ta faɗi halin da yake ciki ba.

"Jininta zai hau, Mio. Kuma ta riga ta gaya wa duk garin."

Ta ce masa jinin nan dai hawa yake ko da gaskiya ko da ƙarya. Amma ta rantse.

Kowace Asabar Doña Chela takan zo gyaran gashi. Miosotis ta miƙe ta ce abin da kowane ƙarami ke ce wa babba, a sa mata albarka. Amsar ba ta da tsada, ana ba da ita har ga yaron maƙwabta da ya fasa maka taga da ƙwallo. Doña Chela sai ta zauna ta ce ruwan ya yi zafi. Kuma ba ta biyan kuɗi, don a cewarta ba za ta ba da ko peso ɗaya ba domin zama ƙarƙashin drayar da hannun ɗanta ya saya. Miosotis ta wanke, ta taje, ta naɗe a rola, in tsohuwar ta tafi ta shiga bayan labule ta yi kukanta, ta fito ta kira ta gaba.

Ita kaɗai ce a Consuelo ke zuwa wurin aiken kuɗi don ta tura, ba don ta karɓa ba. Ranar farko sai da ma'aikacin ya tambaye ta ko ta gane wane ɓangare ne Amurka. Anyelo su biyar ne a ɗaki, katifarsa ta iska ce, abincinsa shinkafa da ƙwai, kuma duk lokacin da kulob ya sauya masa gari sai sabon kuɗin haya. 'Yan kunnenta na zinare suka fara tafiya kasuwa. Bayan su inbatar shagon, mai ba da wuta in an ɗauke, ta bi.

Wata Asabar, Doña Chela na ƙarƙashin draya ido a rufe, Tata mai sayar da soyayyen kifi na jiran layi, sai ga kiran Anyelo. Drayar nan ƙara take kamar injin matsar rake, wanda ke ƙarƙashinta ba ya jin ko ƙararrawar coci. Don haka Miosotis ta tsaya bakin ƙofa, ta juya baya, ta toshe ɗaya kunnen da yatsa, ta ɗaga murya saboda layin ba kyau. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Ba ta lura ba.

"Na ce kada ka damu, inbatar na sayar, gobe zan tura maka na haya. Kuma ka sayi nama, Anyelo, mai jifa ba ya rayuwa da ƙwai. A'a, Mami ba za ta ji ba, tana ƙarƙashin draya."

"Tana ƙarƙashinta kam," in ji Tata. "Drayar ce dai ta tafi hutu."

Doña Chela ta ɗage murfin daga kanta, ta miƙa hannu. Miosotis ta ba ta wayar. Anyelo da ya ji muryar sai bakinsa ya yi abin da ya saba, ya nemi albarka.

"Tsaya tukuna. Motar ta wane ne?"

Ya faɗa. Ta tambaye shi me ya hana ya ce su ƙara masa. Ya ce doka ba ta ba shi wannan ba. Me ya hana ya koma wani kulob. Ya ce nan ma babu hanya, sai in su suka sake shi. Ko ya kai babbar gasa, ya ce, sai ya ƙara wasu shekaru kafin wani ya tambaye shi nawa yake so.

"Ubanka rake ya sara har ya mutu," ta ce a hankali, "amma in mai gona ya ɓata masa rai, addarsa yake ɗauka ya yi gaba."

Anyelo ya ce wannan daban ne. Ta ce ta ga alama.

Ta kashe wayar. Ta dubi kusurwar da inbata take a da, inda siminti ya fi sauran haske. Ta dubi kunnuwan Miosotis. Yarinyar kuwa hawaye take tana ba da haƙuri, wai ba ta so ta ɓoye ba, alkawari ne.

"Tun yaushe nake cin mutuncinki a kan kujerarki?"

"Ba ki ci mutuncina ba, Doña."

"Kada ke ma ki fara mini ƙarya, ɗaya ya ishe ni. Matso nan. Abin da kika tambaya da na shigo, sake tambaya."

"A sa mini albarka, Doña."

"Mami za ki ce."

Miosotis ta maimaita kalmar. Doña Chela ta ɗora tafinta a kanta, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ya ba ki wanda ya fi ɗana hankali, in kuma kin nace, ga shi nan."

Tata ta ce ita dai kifinta na jira, amma ba ta tashi ba, tana ta goge ido da gefen tawul ɗin shagon. Doña Chela ta ja kujera zuwa rana a bakin titi don gashin ya bushe, duk wanda ya wuce ta tsayar da shi ta gaya masa cewa surukarta ce ke ciyar da ɗan wasan Amurka, ta ga wace uwa a Consuelo za ta iya faɗar haka.

A watan Disamba da Anyelo ya dawo hutu aka ɗaura auren. Ya zo coci a bayan babur.

Darasin ba shi da wuya. Kada uwa ta auna aljihun ɗanta da hoto, kada kuma ta yanke wa 'yar mutane hukunci kafin ta san abin da take haɗiyewa. Haƙuri yana biya, sai dai shi ma, kamar kulob, ba ya tambayar mutum yaushe yake so.

Shekara biyu bayan nan aka kira Anyelo babbar gasa. Doña Chela ta sa aka yi wa gidanta fenti ja, launin kulob ɗin, tun daga rufi har ƙofar banɗaki, Miosotis ce ma ta zaɓa mata mai ƙyalli. Ranar Juma'a aka gama shafawa. Ranar Litinin kulob ya yi musayarsa da wani ɗan wasa. Launin sabon kulob ɗin shuɗi ne.