Ranar da Thora Ta Fito Ƙofa

"Ki ƙona fim ɗin," in ji Mista Pengilly, "ko ki bar min gida."

Ina gefe, hula a hannu. Ni ne Wilf Tranter, mai askin tumaki a gonarsa ta bayan garin Bourke. Thora 'yarsa ce tilo, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar uwarta. A shekarar 1927 ta yi wata uku tana ɗaukar mu a fim: askin, bukkar kwanon da muke kwana mu ashirin, ruwan tanki mai tsutsa da muke sha.

"Baba, ƙarya na ɗauka?"

"Asirina kika tona."

"To gyara bukkar, in sake ɗauka."

"In kin tafi wa zai zauna da ni?"

Idonta ya ciko... amma ba ta sunkuyar da kai ba.

Ta kafa kyamarar a wajen shinge, ta kira ni. Irin ta hannu ce, ana juya mata mariƙi, zagaye biyu a daƙiƙa. Ta sha koya min. Ta ce hannun mai aski ba ya rawa.

"Me zan ɗauka?"

"Ni. Ina fitowa."

"Ina za ki?"

"Inda za ka. Ko sai na rubuta maka? Ai ko na rubuta ba ka karantawa, ɗan taurin kai."

Ta shiga ta ɗauko jakarta da gwangwanayen fim. Ta sumbaci goshin ubanta, bai motsa ba. Ta nufo ni.

Hannuna ya ci amanata. Zuciya na bugu, na yi ta juyawa da sauri. In ka yi sauri, hoto a hankali yake fitowa. Da muka kalla daga baya, ga ta tana tafiya kamar cikin ruwa. Ta yi dariya har da hawaye.

"Wilf nawa... ashe hannun yana rawa."

A Bourke aka ɗaura mana aure. Shekara talatin da tara ina saɓe da ƙafafun kyamararta, muna ɗaukar ma'aikata, daga masu yankan rake zuwa matan masaƙa. Uban ya gyara bukkar, bai taɓa cewa don me ba. Ita ta koma ta yi jinyarsa har ya cika.

Bara na binne ta. Wani mutum ya zo daga ma'ajiyar finafinai ta birni, ya kunna majigi a ɗakina, ya sa fim ɗin fitowarta.

"Dattijo, nan an yi kuskure. Mai juyawar ya yi gaggawa. Za mu daidaita shi."

"Ni na juya."

"Ai gyaran ba wuya..."

"Taɓa shi ka gani!"

A zahiri daƙiƙa goma ta yi daga baranda zuwa shinge. A fim ɗin rabin minti take yi tana tahowa wurina. Shi ya rage min. Ba mai rage ko daƙiƙa ɗaya.