Sunan da Na Bari Aka Goge

"Rand, saki fuskarki mana. Kyauta za a ba ki, ba ta'aziyya kika zo ba," in ji Dima, sakatariyar ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗaliban makarantar kasuwanci, tana tura ni wajen dandamali.

Idona na kan teburin ƙarshe, kusa da ƙofar da masu kawo mansaf, shinkafa da naman rago, ke shige da fice.

Yazan ne zaune a can...

Shekara huɗu rabona da shi.

Kamfanin man zaitun da za a karrama ni saboda shi, wanda matan yankin Ajlun ɗari biyu ke cin abinci a cikinsa, daga kan Yazan ya fito. Aikinmu ne na shekarar ƙarshe a makaranta. Shi ya tsara komai, ni dai baki ne da ni. Da ya aiko neman aurena, Baba ya ce ɗan mai facin taya bai kai ba. Na yi kukan kwana biyu, na haƙura. Da mujallar ƙungiya ta tashi buga tarihin kamfanin, Dima, wadda ta taɓa sonsa bai kula ta ba, ta ce, "Cire sunansa, labarin ya fi armashi da mace ita kaɗai."

Ban hana ta ba. Abin da ke cin raina ke nan har yau.

Aka danƙa mini lambar yabon, aka matso mini da abin magana.

"Na gode," na ce. "Amma... ba tawa ba ce."

Baba ya ɗago daga farantinsa.

"Tunanin na Yazan ne, ga shi can a baya. Ni na bari aka goge sunansa, kuma ba wanda ya tilasta ni."

Dima ta cafke hannuna ina saukowa. "Kin haukace? Kujerar shugabar ƙungiya da za a ba ki ma kin zubar da ita."

"Ke ki hau ki zauna," na ce.

Na ratsa tebura har gabansa, na miƙa masa lambar. Bai karɓa ba.

"Shekara huɗu, Rand."

"Na sani."

"Ba ƙarfen nan nake jira ba. Waya ɗaya kawai."

"Kunya ce ta hana ni, masoyina... kullum kuma ƙaruwa take yi."

Ya miƙe. Na ce a raina shi ke nan, tafiya zai yi, kuma ban ga laifinsa ba. Sai ya karɓi gahawa a hannun mai zubawa, ya nufi teburin Baba, ya ajiye kofin a gaban Baba bai kurɓa ba.

Kowa a zauren ya gane. A wajenmu, baƙon da ya ajiye gahawa bai sha ba buƙata ce ta kawo shi, kuma ba zai taɓa kofin ba sai an amsa masa.

"Baffa Abu Faris, wancan karon dattawa na aiko maka. Yau ni kaɗai na zo."

Baba ya daɗe yana kallon kofin. Ya juyo ya dube ni, kwallina duk ya zubo a kumatu.

"Ke fa, 'yar nan?"

"Shi nake so, Baba. Tsoro ne ya sa na cuce shi."

Baba ya sunkuyar da kai, ya tura wa Yazan kofin da yatsa biyu.

"Sha gahawarka, ɗana."

Ta riga ta huce. Yazan ya shanye ta tas.