Ƙofar da Ke Cewa Shigo

Rana ta riga ta faɗi, amma duhu bai gama sauka ba. Matar gidan tana kicin tana juya tukunya, mijinta yana falo ya miƙe ƙafa yana latsa wayar hannu, 'yarsu ɗaya tilo kuma tana tsakar gida tana kwashe shanya. Sai ƙararrawar ƙofa ta kaɗa.

Ba wanda ya motsa, don a gidan nan an daina tashi buɗe ƙofa. Mai gidan mai sayar da magani ne, mutum mai son sabon abu, mai ƙin a tashe shi daga zaune. Shi ya sa aka kafa masa madanni mai kyamara a jikin ƙofar waje, aka ja siririyar wayar wuta ta cikin bango har zuwa wani akwati a baranda, aka haɗa akwatin da na'urar da ke kunna fitilu da fankoki da makullan gidan. Da yake yarinyar takan dawo daga makarantar yamma gab da magariba, sai ya naɗi muryarsa ya saka a ciki. Duk wanda ya danna a wannan lokacin, lasifikar ƙofa za ta ce masa, “Wa'alaikumus salam. Shigo, ƙofa a buɗe take.” Makulli ya buɗe, daga baya ya rufe kansa.

Kafin zuwan na'urar, matar ce ke fita da magariba ta tura ƙofa da hannunta, ta yi bisimilla, ta sa sakata. Da ta ce masa ba ta son ƙofar da ke rufe kanta ba sunan Allah, dariya ya yi mata, ya ce ta bar ƙauyanci. Ta yi tsaki ta bar zancen, amma ba ta manta ba.

A ranar babu makaranta. Muryar mai gida ta amsa daga waje, makulli ya yi ƙas, ƙofa ta buɗe a hankali. Yarinyar ta taka da kaya a kafaɗa ta leƙa. Babu kowa a layin. Ta tsaya a bakin ƙofar fiye da yadda ya kamata, kayan suna zamewa ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ba ta duƙa ta ɗauka ba.

“Mamana, waye?” uban ya tambaya daga falo. Sunan mahaifiyarsa marigayiya aka sa mata, don haka bai taɓa kiran ta da wani suna ba.

Ita dai titi take kallo. Ya duba wayarsa, hoton kyamara ya nuna masa titi da katangar maƙwabta da fuskar 'yarsa. Ya ce yaran unguwa ne, ya ci gaba da abin da yake yi.

Washegari ma ƙararrawar ta kaɗa a daidai lokacin, haka jibi. Yarinyar ta rage cin abinci, ta rage magana, ta koma zama a kusurwar ɗakinta tana kallon bango. Gidan ya yi nauyi. Mutum zai wuce ta baranda ya ji kamar sai ya raɓa, alhali ba kowa a hanya. Uwar ta ce a kira malami. Uban ya ce wanda ya haɗa waya za a kira, shi ne ya yi aikin banza.

Mai gyaran ya zo da jakarsa, ya sha faɗa tun daga bakin ƙofa. Ya ajiye jakar. Ya kwance madannin ya busa, ya ce wani lokaci raɓa ko tururuwa ke shiga su haɗa ƙarafunan ciki, sai ta kaɗa ita kaɗai. Ya auna ƙaramar taransifomar da ke ba ƙararrawar wuta, ya ga daidai take. Ya hau silin ya bi wayar, ko ɓera ya ci robar ta sa wayoyin biyu suna taɓa juna, ya sauko da yanar gizo-gizo a ka, bai ga komai ba. Don kada a ce bai yi aiki ba, ya sa sabon madanni ya tafi.

Da magariba ta kaɗa.

Mai gida ya kira mai gyaran a waya, ya yi ta faɗa kamar ya ari baki. Ya ce masa mayaudari, ya ce wanda ya koya masa aiki ma bai iya ba. Mai gyaran ya dawo washegari da yamma, fuska a ɗaure, ya ce yau zai tsaya ya gani da idonsa. Ya cire wayoyin biyu daga madannin, ya naɗe bakin kowace da tef, ya riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya tsaya a bakin ƙofa. Mai gida yana bayansa hannu a ƙugu. Layin ya yi tsit, tsuntsayen da ke kan wayar lantarki suka tashi gaba ɗaya.

Ƙararrawar ta kaɗa a baranda. Muryar mai gida ta fito daga lasifikar da ke saitin kunnen mai gyaran, makulli ya buɗe, wani sanyi ya ratsa tsakaninsu ya shige cikin gida.

“Ka ga aikinka?” in ji mai gida, amma muryarsa ta ragu.

“Yallaɓai, ga wayoyin a hannuna.” Ya ɗaga su. “Wayar da aka raba ba ta kai saƙo. Duba manhajar da ke wayarka.”

Manhajar ta nuna an danna madanni a wannan minti. Mai gyaran ya saki wayoyin. Ya shiga baranda ya cire taransifoma, ya zare filogin na'urar, ya fitar da batirinta, ya ajiye a ƙasa. Ya tattara kayansa, ya ce shi dai nasa ya ƙare a nan, a nemi masu wancan aikin. Mai gida ya bi shi da baƙar magana har titi.

Magaribar da ta biyo baya ƙararrawa ba ta kaɗa ba, kuma mai gida ya fara kallon matarsa da murmushin wanda ya ci nasara. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Wani ya biyo, wani ya daki ƙofar waje, wani ya fasa tagar kicin ya gangara har gindin murhu. Matar ta taɓa shi ta janye hannu, da zafi. Daga ɗakin yarinyar aka yi dariya, dariyar tsoho mai kaurin murya.

“Ka ji?” matar ta ce, idonta ya kaɗa ya yi ja. “Ka ji abin da ƙofarka mai hankali ta jawo mana? In wani abu ya sami yarinyar nan, ba zan yafe maka ba.”

In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Washegari da ƙafarsa mai gida ya je ya ɗauko malami.

Malamin dattijo ne siriri, ba ya sauri a magana, kuma bai yi wa mai gida fara'a ba. Ya iso kafin faɗuwar rana. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi wayoyin da ke reto, ya tambayi abin da ƙofar take cewa, aka faɗa masa. Ya tambayi wa ke rufe ta da magariba, aka ce ita ke rufe kanta. Ya daɗe yana kallon mai gida, sannan ya ce a kai shi wurin yarinyar, kuma duk abin da za a ji, kada kowa ya sa baki.

Ya zauna a bakin ɗakin, uwar ta riƙe kafaɗun 'yarta. Ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Duhu yana shigowa ta taga, jifa ta fara a kan kwano. Yarinyar ta sanƙare, wuyanta ya juya ta wani ɓangare, idonta ya kafe a kan ubanta.

“Daina ƙona ni,” muryar ta ce daga bakinta. “Ban yi sata ba, ban haura katanga ba.”

“Wa ya ba ka izinin shiga gidan mutane?”

“Ga shi can tsaye. Na daɗe ina wucewa ta layin nan, kullum in tarar an rufe ƙofa da sunan da ba na iya tsallakewa. Rannan na taɓa abin, ya ce min shigo. Da bakinsa ya faɗa. Na kira 'yan uwana, kowa ya danna, kowa aka ce masa shigo. Ba ku ne ke cewa baƙonka annabinka ba?”

“Masu jifa fa?”

“Waɗanda suka zo a makare ne. An yi wa na farko maraba, an bar su a waje. Kai za ka ji daɗi?”

Malamin ya ce baƙo na gari ba ya zama a jikin 'yar mai masaukinsa, ya fita da shi da jama'arsa. Muryar ta ce za ta fita, amma ba a sallamar baƙo hannu rabbana. A bar mata yarinyar. Malamin ya ɗaga karatu har yarinyar ta fara birgima, uwar tana kuka tana riƙe ta. Muryar ta ce to a bar musu ɗakin nan. Malamin ya ce ko taku ɗaya na gidan ba nasu ba ne, ya ci gaba. Gumi ya jiƙe rigarsa. Mai gida yana tsaye yana ganin leɓen 'yarsa ya fashe yana jini, tsoro da haushi suka haɗu suka rufe shi.

“To, abu kaɗan,” muryar ta ce, ta yi laushi. “Muryar da ta yi mana maraba. A ba mu ita mu tafi da ita.”

Malamin ya ɗaga hannu zai yi magana, mai gida ya riga shi.

“Na ba ka. Ɗauka ka rabu da 'yata.”

Jifa ta tsaya cak. Malamin ya juyo a hankali, ransa a ɓace.

“Wa ya ce ka yi magana? Ba kyauta ake yi da su ba, korar su ake yi. Saura kaɗan ya fita ba ko tsinke.” Ya girgiza kai. “Magana zarar bunu ce. Tashi ka raka baƙonka, tunda kai ka gayyato shi.”

Uban ya kama hannun yarinyar, hannun yana da nauyi kamar na ƙato. Suka ratsa baranda, malamin yana biye da karatu. Mai gida ya buɗe ƙofa da hannunsa, ya ce kamar yadda aka umarce shi, “Na janye izinina. Ku fita.” Iska ta yi ta wucewa ta gefensa, ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe ba ta ƙare ba. Sannan yarinyar ta sulale a jikinsa, ta yi atishawa, ta buɗe ido ta ce, “Baba, ina jin ƙishi.” Uwar ta tura ƙofa, ta yi bisimilla da ƙarfi, ta sa sakata.

Malamin ya ƙi zama ya sha ruwa. A bakin ƙofa ya ce wa matar, ba wa mijin ba, “Daga yau, in rana ta faɗi, kada yarinyar nan ta amsa kiran ubanta sai ta ga fuskarsa.”

Aka tone wayar daga bango, aka toshe ramin madannin da siminti. Yarinyar ta murmure, ta koma makaranta, gidan ya koma daidai, har mai gida ya fara cewa a ransa tsohon ya cika tsoratarwa. Muryarsa dai tana nan a maƙogwaronsa, ba abin da ya ragu.

Wata magariba suna zaune a tsakar gida, yana duba mata aikin makaranta, uwar ta rufe ƙofa ta dawo kenan. Daga bayan katanga, kusa ƙwarai, aka yi kira a tausashe, da muryarsa, har da ɗan tarin da yakan yi kafin magana.

“Mamana. Zo ki buɗe min.”

Yarinyar ta miƙe tsaye kafin ta tuna. Ya cafke hannunta. Ta juyo ta dube shi, ta dubi ƙofa, ta sake duban sa, sannan ta zare hannunta a hankali ta koma bayan uwarta.

Tun daga ranar, in yana son ruwa bayan faɗuwar rana, tashi yake yi ya je inda take, ya tsaya a ƙarƙashin fitila. Takan ɗaga kai ta ƙare masa kallo tukuna, sannan ta ce, “Na'am, Baba.”