Dodanniyar da Ya Sa wa Sunan Auta

Ana gab da magariba Umma ta aiki Tela kemis ya sayo wa ƙanwarsa Auta magani. Kwanan nan sai tana cikin magana ta yanke jiki ta faɗi, an je asibiti kuma ba a ga komai ba.

Shi kuwa Tela, ƙato da gemunsa, in ya kama gem ɗinsa na tara dodanni a 'yar na'urarsa ta hannu ko gobara ta tashi ba ya ji. Akwai wata hasumiya a wasan. Da dodanni uku ake shiga, kana ci kana hawa, kuma ba a canza ko ɗaya sai ranar da aka kayar da kai. Ya daɗe yana haɗa nasa. Mai kaurin da ke shanye duka ya sa mata Umma. Mai gama faɗa ya sa masa Tela, don son kai. Ƙaramar kuwa, wadda aikinta ta fita farko ta ba da ranta don ƙarfin na bayanta ya ninku, ita ya kira Auta. Tsokana ce kawai. Har nuna mata ya yi, ta ce, "Allah ya isa, Yaya," suna ta dariya.

A hanyar dawowa ya zauna a matakalar wani shago da aka rufe. Ya ciro na'urar, wai faɗa ɗaya kacal.

Kiɗan wasan ya yi ƙasa, ya ɗauke ɗif. Ƙauri ya taso, irin na ƙonannen gashi. Abokin karawar wannan hawan ba shi da fuska, baƙi ne kawai a tsaye. Numfashinsa kuma ba daga na'urar yake fitowa ba, a bayan kunnen Tela yake sauka.

"Miƙo ƙaramar," aka raɗa masa. "Kamar kullum."

Kamar kullum. Ya tuna ranar da Auta ta faɗi a kicin, yana ɗaki yana wasa, ya miƙa ƙaramar ke nan. Ranar bakin famfo ma haka.

Ya danna maɓallin kashewa. Ko gezau.

"Na haƙura, ka cinye ni," ya ce.

"Sai su faɗi su ukun. Wannan karon babu tashi."

"In na fasa na'urar fa?"

"Wanda ya fita ana tsakiyar faɗa an cinye shi. Kai ma ka san doka."

Ya sani. Dodanniyar na tsaye tana jiran umarni, kuma dabara ɗaya ta iya, ta mutuwa. Shi da hannunsa ya goge mata sauran.

Babban yatsansa ya fara sauka kan maɓallin umarni da kansa, sanyi ƙalau.

Ya cije shi har ya ji ɗanɗanon jini.

Alamar batir ta koma ja.

Ya kwasa da gudu yana a'uziyya, takalmi ɗaya a ƙafa, ledar magani ta zube a titi. Yana isa gida ya jona caji, hasken allon na gab da mutuwa.

Tun daga ranar Auta ba ta sake faɗuwa ba. Umma ta ce addu'a ce, Tela ya ce amin. Na'urar tana nan ƙarƙashin gadonsa jone da wuta, faɗan na tsaye inda ya bar shi, ana jiran ya danna. Ya daina tafiya mai nisa. In aka ɗauke wuta kuma, ko a kan keken ɗinki yake sai ka ga ya bar shago a buɗe ya nufi gida da gudu, Auta na bakin ƙofa tana yi masa dariya.