Lauyan da Ya Ajiye Shari'arta

Da hannun hagu ta turo ƙofar ofishin, na daman yana rataye a wuyanta cikin filasta. Lauyan ya ɗago daga kwamfuta, nan take ya manta abin da yake rubutawa.

Tela ce, shagonta yana saman bene a wani ginin haya. Ƙarfen matattakalar ya daɗe yana girgiɗi, ta yi wa mai ginin magana har ta gaji. Ranar da ta dafa ƙarfen da bandir ɗin yadi a kafaɗa, ya tafi da ita ƙasa.

"Barista, tambaya ɗaya ta kawo ni. In kai ƙara ko in haƙura?"

Ya ba ta amsa irin tasu, wadda babu e babu a'a. Ya ce ta adana rahoton likita, ta ɗauki hoton ƙarfen kafin a gyara, ta nemi maƙwabtan da suka ji ƙorafinta. Ya ce tana da haƙƙi, amma kotu ba ta sauri, kuma akwai wa'adin da in ya wuce ba a sauraron ƙara.

Ta riƙa dawowa da tambayoyi. Bayanin da jimla biyu ta isa, sai ya ja shi har shayinsa ya huce. Da ya ga ya fara fesa turare saboda zuwanta, ya san ya kamu. A ofishinsu kuwa ba a haɗa riƙe shari'ar mace da neman aurenta. Ya tattara fayil ɗinta ya miƙa wa abokiyar aikinsa, bai yi wa telar bayani ba, don bakin da ke cika kotu mutuwa yake yi a gabanta.

Saƙonta ya shigo: "Na zo an ce ka ba wata shari'ata. In ba ta da ƙarfi ai sai ka faɗa mini. Na gode."

Daga nan ta daina ɗaukar wayarsa. Ɗan mai ginin kuma ya fara sintiri gidansu da ledar lemo, yana duba hannu, yana duba mai hannun. Mahaifinta ya yaba da hankalin yaron, yana ta cewa ƙaddara ce, a yafe. Labarin ya iske lauyan, tsoron rasa ta ya hana shi cin abinci.

Ya rubuta: "Shari'arki tana da ƙarfi, ni ne ba ni da shi. Ba zan iya zama lauyanki ba alhali ke nake so in aura. Ki yafe mini shirun, 'yar rigimata."

Ta amsa: "Wa kake ce wa 'yar rigima? Baba yana gida bayan la'asar."

Da lauyan ya je, tsohon bai ko bari ya gama gaisuwa ba.

"Ba na ba mai cin abinci da rigimar mutane 'yata. Diyyar kake hange."

"Baba, ai ya ajiye shari'ar tun kafin ya furta," in ji telar daga bayan labule. "Ko sisi ba zai samu ba."

Tsohon ya juyo ga lauyan.

"To kai me ka ce? Ta kai ko ta yafe?"

"Hannunta ne, Baba, ita ta san zafinsa. Nawa kawai in gaya mata gaskiya."

Ta kai ƙarar. A makon nan lemo ya ɗauke ƙafa, kuma Baba ya lura. An yi sulhu kafin a je gaban alƙali: mai ginin ya ɗauki nauyin magani, ya sa sabon ƙarfe.

Ranar ɗaurin aure, bayan an shafa fatiha, tsohon ya kamo hannun angon ya riƙe gam.

"Ga ta nan na ba ka. Wannan amanar dai kada in ji ka miƙa wa kowa. Allah ya zaunar da ku lafiya."